Ƙwai Na Goma Sha Huɗu

Rana ta riga ta sunkuya bayan gidaje lokacin da Mai Mesa ya gama wanke hannunsa a bakin famfon tsakar gida. Sunan da mutanen layin suka laƙaba masa ke nan, har ya danne nasa na yanka, domin shekara goma sha ɗaya ya yi yana kiwon macizai a ɗakin baya. Ba masu dafi ba ne. Wata irin mesa ce gajera, kakkaura kamar cinyar ƙato, mai launin jini, wadda masu sha'awa ke saye su ajiye a gida. A cikinsu akwai guda ɗaya zabiya, fara tas da ratsin ja da rawaya, idanunta kamar garwashi. Matarsa ce ta sa mata suna Gimbiya don tsokana, wai duk gidan babu wanda ake tarairaya kamarta.

Shekara biyar yana rainon Gimbiya kafin ta isa haihuwa. A ranar da hantsi ta saka ƙwai goma sha huɗu, ta nannaɗe a kansu ta yi gammo. Ya yi abin da masu sana'ar ke yi: ya rufa mata tawul a kai, ya warware ta a hankali, ya kwashe ƙwan, ya sa wa kowanne alamar fensir a sama don kada ya juye, sannan ya haska su da tocila ɗaya bayan ɗaya. Goma sha uku sun nuna jijiyoyi ja siri-siri, alamar akwai rai a ciki. Na goma sha huɗun bai nuna komai ba. Haske ya shiga cikinsa bai fito ba, ga shi da nauyi kamar dutse. Ya ce bara-gurbi ne. Ya jefa shi cikin duron da yake zuba tsohuwar dusar katako a bayan gida, ya yi bismilla kamar yadda bakinsa ya saba a kan kowane murfi, ya rufe. Sauran ya jera su a injin ƙyanƙyasa, ya duba ma'aunin zafi sau uku, zuciyarsa fes.

Auta, 'yarsa ta ƙarshe mai shekara goma sha bakwai, tana kwashe shanya daga igiya. Yayyenta maza duk sun yi nisa wajen neman na kansu, ita kaɗai ta rage musu a gaba.

"Baba, yau dai ka zama kaka," ta ce tana dariya. "Sai a fara kiranka Kakan Mesa."

Bai kai ga ba ta amsa ba dutsen farko ya faɗo a kan rufin kwano.

Ƙararsa ta cika gidan, ya gangaro a hankali, ya faɗi a gaban ƙafarta. Suka ɗaga kai. Babu kowa a kan katanga, babu motsin yara a layi, tsuntsayen da ke hayaniya a bishiyar maƙwabta ma sun yi tsit kamar an ɗauke su. Auta ta sunkuya ta taɓa dutsen, ta janye hannunta da sauri. Da zafi yake, kamar an ciro shi daga murhu.

Na biyu ya biyo baya. Na uku ya faɗo a tsakiyar tsakar gidan, kai tsaye daga sama, inda babu rufi babu reshe. Daga nan har aka yi sallar isha ba su daina sauka ba, ɗaya, sai shiru mai tsawo, sai wani. Da aka idar da salla suka tsaya.

Washegari ma haka, daidai lokacin da haske ya fara mutuwa. Mai Mesa ya hau kan katanga ya zauna da sanda a hannu, ya ga layin wayam, duwatsun kuma suna wucewa ta gefen kunnensa. A yamma ta uku abin ya shigo cikin ɗakuna. Suna zaune a falo suka ji murafan tukwane suna faɗuwa a kicin. Da suka leƙa, kowace tukunya a buɗe take, kowace roba an kife ta, an farke buhu an watsa abin da ke ciki. Durowar kayan matarsa an zazzage ta har ƙasa, akwatin Auta an yaye rufinsa. Ba a ɗauki ko allura ba. Wanda ya yi aikin ba sata ya zo yi ba, wani abu yake nema.

A ɗakin macizai kuwa babu abin da aka buɗe. Amma a jikin kowane akwati, da ƙofar injin ƙyanƙyasa, akwai karce dogo-dogo, sahu huɗu-huɗu, kamar na farcen da ya daɗe yana yaƙushi bai samu shiga ba. Yana tsaye yana kallonsu ya ji murya a bayansa, ƙasa-ƙasa, irin ta macen da ke rarrashin jariri. Ya waiwaya. Gimbiya kaɗai ya gani a akwatinta na gilas, ta nannaɗe a kan wayam, kanta a sama, tana kallon wani wuri kusa da kafaɗarsa.

"Ka fitar da abubuwan nan daga gidan nan," matarsa ta ce da shi a bakin ƙofa. "Shekara goma sha ɗaya ina haƙuri. Yau haƙurina ya ƙare."

"Macizai ba sa jifa," ya ce. Shi kansa ya ji yadda maganar ta fito ba ƙarfi.

A yamma ta huɗu aka nemi Auta aka rasa. A ɗakin baya suka same ta, kwance a kan siminti a gaban akwatin Gimbiya. Ta lanƙwashe jikinta yadda ƙashin mutum bai kamata ya lanƙwasu ba, gwiwoyi a ƙirji, hannuwa sun zagaye wani abu da babu shi. Jikinta sanyi ƙalau. Idanunta a buɗe, ba sa ƙiftawa. Uwar ta kira sunanta har muryarta ta dishe, ba ta ko motsa ba.

Suka kai ta asibiti a wannan daren. Aka ɗebi jini, aka haska kai, aka ce ba a ga komai ba, a koma gida a ba ta hutu. Da suka dawo ta sauka daga mota da kanta, ta miƙe zuwa ɗakin baya, ta koma yadda take. Ba ta ci, ruwa sai an ɗiga mata da cokali. Da uwar ta yanke shawarar kai Auta gidan tata yayar, maza uku suka kama ta don su ɗaga, suka kasa raba ta da ƙasa, sai ka ce an dasa ta a cikin simintin.

Mai Mesa ya daina barci, ya daina cin abinci. Ya zauna a kan bokitin da ya kife, yana kallon wuyan 'yarsa yana ƙara sirancewa kullum, leɓunanta suna tsagewa. Wannan ce yarinyar da tun tana rarrafe take bin sa ɗakin nan, ita ce ke riƙe masa tocila, ita ce ta san wace mesa ce ke shirin saɓa tun kafin shi ya lura. A yamma ta bakwai ya tashi, ya ɗauko adda, ya zuge gilashin Gimbiya. Shekara biyar ɗin da ya zuba a kanta ba su ko zo masa a rai ba. Ya ɗaga addar.

Auta ta ƙwalla ƙara. A wuyanta, daidai inda addar za ta sauka a wuyan mesar, wani jan layi ya fito ya kumbura, jini ya fara tsattsafowa. Addar ta suɓuce daga hannunsa. Ya durƙusa a wurin, ya kifa goshinsa a ƙasa, ya yi kukan da bai yi ba tun rasuwar mahaifiyarsa.

Matarsa ce ta samo Malam. Wani tsoho ne siriri mai gyaran agogo a bakin kasuwa, wanda aka ce ya yi karatu mai zurfi amma ba ya son a faɗa. A rana ta tara bayan la'asar ya iso, da buta a hannu da carbi a aljihu. Bai tafi wurin yarinyar kai tsaye ba. Ya zagaya gidan a hankali, ya duba tukwanen da aka kife, ya shafa karcen da ke jikin akwatunan.

"Wa ke rufe waɗannan?"

"Ni ne, Malam."

"Da sunan Allah kake rufewa?"

"Bakina ya saba."

Tsohon ya gyaɗa kai. "Abin da aka rufe da sunan Allah, mutanen ɓoye ba sa iya buɗe shi, ba sa ma ganin abin da ke ciki. Akwai abin da ka rufe da ake nema."

Ya yi alwala, ya zauna a ƙasa kusa da kan Auta, ya ce uwar ta riƙe mata ƙafafu. Ya fara karatu da murya ƙasa-ƙasa, ba sauri. Hasken taga ya koma ja, sannan toka-toka. Macizan ɗakin gaba ɗaya suka fara huci a cikin akwatunansu, sautin ya haɗu ya zama kamar ruwan sama a nesa. Dutse ya faɗo a kan rufi. Malam bai ɗaga kai ba.

Can sai bakin Auta ya buɗe. Muryar da ta fito ba tata ba ce. Ta wata mace ce babba, a dishe, irin ta wadda ta kwana tara tana kuka.

"Ya isa, tsoho. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke, baiwar Allah?"

"Uwa ce."

"Me ya kawo ki jikin yarinyar da ba ta yi miki komai ba?"

"Ubanta ya ɗauke nawa, na riƙe tasa."

Malam ya dubi Mai Mesa, sannan ya mayar da idonsa kan yarinyar. "Yi bayani yadda mutum zai gane."

"'Ya'yana ba sa zama," muryar ta ce. "Shida na binne. Sanyi ke kashe su tun suna cikin ɓawo. Kaji na gudun mu, tsuntsaye na watse sheƙa in mun matso. Wannan farar ce kaɗai ba ta ji tsorona ba. Na jira ta shekara biyar, kamar yadda shi ma ya jira. Da ta saka nata, na sami kafa a akwatinta, na sa nawa a tsakiya. Na juya baya kaɗan, na dawo na tarar da ita a kan wayam."

"Gidan mutum kika shigo ba izini, kika ajiye abin da ba a san da shi ba. Bai zalunce ki da gangan ba."

"Da gangan ko ba da gangan ba, ina ɗana?"

Mai Mesa ya tuna ƙwan da haske ya shiga bai fito ba, ya tuna nauyinsa a tafin hannu.

"Malam," ya ce, "na... na jefar da shi. Na zaci bara-gurbi ne."

Abin da ya biyo baya bai taɓa iya ba da labarinsa daidai ba. Jikin Auta ya tashi daga ƙasa ya sandare kamar baka, uwar ta wuntsila gefe, ƙwan lantarki ya fashe. Duwatsu suka zubo a kan kwano kamar ana juye tifa. Malam ya ɗaga murya da karatu, ya dafa goshin yarinyar da tafinsa, gumi na zuba daga gemunsa.

"Ci gaba!" muryar ta yi ihu. "Ƙona ni! Amma kafin in ƙone sai na karya gidan da nake ciki, ƙashi bayan ƙashi!"

Wani abu ya yi ƙas a hannun Auta na hagu, ɗan yatsanta ya juye baya.

"Malam, tsaya!" Mai Mesa ya kama rigar tsohon da hannu biyu. "Don girman Allah ka tsaya! Yana cikin duro a bayan gida. Ban kwashe ba. Yana nan."

Malam ya sassauta karatun har ya tsaya.

"Kin ji," ya ce. "Yanzu sai mu yi magana irin ta masu hankali. In an kawo miki shi, za ki fita."

"In yana da rai. In ya mutu, da ita zan tafi."

"Rai ba a hannunki yake ba, ba a hannunsa yake ba. Ba za ki tafi da kowa ba. In kin taɓa ta kuma, zan ci gaba daga inda na tsaya, ba kuma zan saurari roƙon kowa ba."

Sannan muryar ta dawo, ta yi laushi, har ta fi ban tsoro.

"A mayar wa farar da nata duka. Ba ta kwanci a kan ɗaya. A rufe akwatin da zane, kada ido ya leƙa. A bar mini kafa a sama inda zan shiga in fita. Shekara guda."

"Ba shekara ba. Ranar da ya fito, ranar za ki bar gidan nan, ke da shi, ba ku ƙara ko kwana ɗaya. Ba jifa, ba murya, ba kusantar kowa. Yarinya kuma yanzu za ki sake ta, ba gobe ba."

"In na gan shi."

"Ki rantse da wanda ya halicce ki."

Ta rantse. Malam ya juyo wurin Mai Mesa. Shi kuwa ya san abin da ake nema a wurinsa: ƙwan da ya kwana tara a inji, in aka motsa shi aka mayar ƙarƙashin uwa, da wuya rabinsa ya kai labari. Bai tsaya tunani ba.

"Na yarda," ya ce, ya fita da gudu.

Duhu ya fara rufe bayan gida. Ya fizge murfin duron, wani tururi mai wari ya buge shi a fuska, warin kashin macizai da dusar da ta jiƙe ta ruɓe. Kwana tara yana ƙara zuba shara a kai. Ya tura hannuwansa ciki har kafaɗa. Tsutsotsi suka bi damatsansa, wani abu mai kaifi ya yanke shi a yatsa, bai ji ba. Yana tonowa yana watsarwa, bakinsa na maimaita kalma ɗaya, ya Allah, ya Allah. Can ƙasa dusar ta ɗauki zafi saboda ruɓa, zafi mai laima, irin wanda yake wahalar saita wa injinsa. A nan yatsunsa suka taɓa ƙwan.

Ya ɗago shi a hankali yadda ya same shi, bai juya shi ba. Da ɗumi yake. Ya riƙe shi a tafukansa biyu, ya daina numfashi. Babu komai. Babu komai. Sannan daga ciki wani abu ya ƙwanƙwasa tafinsa, sau biyu, a hankali, kamar mai neman izinin shiga.

Da ya shigo ɗakin, idanun Auta suka bi hannunsa, hawaye suka gangaro daga cikinsu. Matarsa ta riƙe tocila. Ya fara kwaso goma sha ukun daga inji ya jera su a kusurwar akwatin gilas, ya ajiye na goma sha huɗun a tsakiya. Gimbiya ta kumbura, ta ja wuyanta baya. Ya san wannan zaman, ya san abin da ke biye da shi, amma ƙwan bai zauna daidai ba, in ya sake shi zai mirgina. Ta kawo sara. Haƙoranta suka nutse a bayan hannunsa har ƙashi, ta riƙe. Bai fizge ba. Ya tsaya a haka, jini na bin gwiwar hannunsa yana ɗiga a siminti, har ya gyara wa ƙwan zama da ɗaya hannun. Sai ta sake shi. Ta zagaya a hankali, ta ɗora jikinta mai nauyi a kansu zobe bayan zobe, ta kwantar da kanta a sama.

"Na gan shi," muryar ta ce, da kyar ake jin ta. "Ta ina zan fita, tsoho?"

"Ta ƙaramin yatsan ƙafa. Kada ki bar mata ciwo."

Ƙafar Auta ta hagu ta yi rawa, ta miƙe, ta saki. Yarinyar ta yi atishawa sau uku. Jikinta ya warware kamar igiyar da aka kwance. Ta dubi uwarta, ta dubi tsohon da ba ta sani ba, sannan ta dubi ubanta.

"Baba," ta ce da muryarta ta gaskiya, siririya, "me ya sami hannunka?"

Ya durƙusa kusa da ita. Uwar ce ta rungume ta tana kuka.

Malam bai karɓi komai ba sai ruwan da ya sha. A bakin ƙofa ya ce su riƙe alkawari kamar yadda suke so a riƙe musu. Aka lulluɓe akwatin da baƙin zane, aka bar kafa a sama. Da safe kawai Mai Mesa ke shiga ya kula da sauran macizan, ya zura ruwa ta ƙasan zanen ba tare da ya kalla ba. Kafin la'asar ya ja ƙofa. Jifa ba ta sake faɗowa ba. Auta ta fara cin abinci, aka ɗaure mata yatsa ya warke, kumatunta suka dawo. Ba ta tuna komai daga kwanakin nan, su kuma ba su gaya mata fiye da cewa zazzaɓi ne mai tsanani ba.

Wata biyu da 'yan kwanaki suka wuce. Wata safiya ya shiga ya tarar da zanen a ƙasa, an ninke shi tsaf an ajiye a gefe.

Gimbiya ta sauka daga kan ƙwan, ta rame, tana shan ruwa. Tara sun ruɓe sun yi baƙi. Huɗu sun fashe, 'yan mesoshi farare masu jan ido suna leƙowa daga ciki. Na tsakiyar ya rabe gida biyu, cikinsa a bushe ƙayau, babu jini babu danshi, kamar ba a taɓa zama a ciki ba. Ya sunkuya don ya duba da kyau. Raɓa ta lulluɓe gilashin ta ciki, a kan raɓar kuma, can ƙasa-ƙasa, akwai sawun tafin hannu. Bai fi girman kan cokali ba. Yatsu huɗu ne dogaye, an dafa ne kamar yadda yaro ke dafa bango ranar da ya fara tsayuwa.

"Baba, sun fito?" Muryar Auta ce daga tsakar gida, takunta na matsowa.

Ya zuge gilashin, ya sa hannun rigarsa ya goge wurin tas.

"Sun fito," ya ce. "Huɗu ne. Zo ki gani."